Gurasa a Aljihun Babbar Riga

Da ɗana ya zo ɗaukata daga gida, bayan an share makokin mahaifiyarsa, ya ce kada in wahalar da kaina da haɗa kaya, domin duk abin da dattijo yake buƙata ana samunsa a Doha. Na amince masa a kan komai, ban da littattafai. A nan muka ɗan ja, shi yana maganar nauyin kaya a jirgi, ni ina tunanin abin da zan bari a baya. Daga ƙarshe na ɗauki Alƙur'anina da wasu tsofaffin littattafai na marubutan Rasha waɗanda aka fassara zuwa Turanci. Bangonsu na asali ya daɗe da yagewa. Marigayiya ce ta ɗinka musu riguna da ragowar atamfofinta, shi ya sa har yau idan na jera su a kan kanta sai in ga kamar matan unguwarmu ne suka zauna a gidan suna.

Na fara sanin waɗannan littattafai ina kwalejin horon malamai, a zamanin da ake auna ɗalibi da kyawun rubutunsa da karin gugar wandonsa. Malaminmu na Turanci, wani dattijo Ba'indiye mai yawan furfura, shi ya miƙo mini na farko, ya ce in karanta a hankali, domin ba za a tambaye ni a jarrabawa ba. Labarin mutanen da aka ɗaure ne aka tura su Saibiriya, ƙasar da numfashi yake daskarewa a gemu. Na karanta shi a gindin darbejiya cikin tsakiyar bazara, gumi yana ɗiga a kan takarda. A lokacin ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai wadda takan faɗo tare da ruwan farko, mu tsince ta a guje kafin ta narke. Duk da haka na ji sanyin nan har cikin ƙashina. Bayan na kama aikin koyarwa sai ga ire-irensa ana sayarwa da araha a kantin littattafai na birni, na riƙa saye ɗaya bayan ɗaya, har na zama hedimasta, har na ajiye aiki, suna tare da ni.

Abin da ya fi kama zuciyata a cikinsu wata al'ada ce ta talakawan ƙauyukan can. Idan aka wuce da ɗaurarru ta gabansu, sukan fito da burodi su miƙa musu, ba su tambayi kowa abin da ya aikata ba. Ranar da na fara cin karo da wannan sai na rufe littafin, domin mahaifiyata na gani. A garinmu akan fito da 'yan sarƙa su nome ciyawa a gefen hanya, su yashe kwalbati, gandiroba yana biye da su da kulki. Duk ranar da suka biyo ta layinmu, idan tana suyar waina, sai ta ware wasu a kan faifai tun kafin kowa a gidan ya ɗanɗana, ta sa a ajiye a bakin zaure. Gandiroban yakan juya baya kamar yana duban gari. Mahaifina ya taɓa ce mata, "Kin san fa yawancinsu ɓarayi ne." Ta ce, "Malam, alƙali ya gama nasa aikin, ni nawa nake yi." Bai sake ɗaga maganar ba.

Marigayiya matata kuwa ba ta karanta Turanci, amma ta san mutanen littattafan nan kamar dangi, don nakan ba ta labarinsu bayan la'asar tana tsince shinkafa. Idan ta ga na yi tagumi a kan wani shafi sai ta ce, "Malam, yau kuma wa aka ɗaure a ƙasar ƙanƙara?" In kuwa na ce mata wani ya tuba ya sami natsuwa bayan wahala, sai ta ce, "Madalla. Yanzu sai ka zo ka ci tuwo."

Gidan ɗana yana unguwar Al Aziziya. Gida ne mai kyau, mai doguwar katanga, sanyin na'ura a kowane ɗaki. Shi likita ne, da sassafe yake fita. Surukata mace ce mai ladabi, ba ta taɓa barin shayina ya huce ba. Jikokina ina yi musu Hausa suna mayar mini da Turanci. Ba zan kira zamana a can gudun hijira ba, domin hakan butulci ne, kuma na karanta abin da kalmar take nufi a wurin waɗanda suka ɗanɗana ta. Sai dai mutumin da ya saba idan ya zauna a ƙofar gida ba ya kai ƙarshen shafi ba a gaishe shi ba, ga shi yanzu a layin da motoci kaɗai suke wucewa, gilasansu a rufe. Na koma ga littattafaina, na tarar sun canza mini murya. Wuraren da nake tsallakewa ina saurayi, inda ɗaurarre yake tsayawa yana kallon hayaƙin wani ƙauye daga nesa, su ne yanzu nake maimaitawa.

Ɗana ya lura. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maimakon ya nufi gida sai ya kai ni Al Asmakh, tsohuwar unguwa mai ƙananan kantuna da gidajen da farin fentinsu ya koɗe. A wani gida mai tsakar gida da rumfa, mutanenmu na Arewa suke haɗuwa duk Juma'a su ci abinci tare. Yawancinsu direbobi ne da masu gadi, sai jefi-jefi wani injiniya ko malamin jami'a ya leƙo. Da suka gan ni da babbar riga da sanda sai suka miƙe gaba ɗaya, aka jawo mini matashi aka jingina da bango. Tun daga ranar na zama babban wurin. Tsarinsu shi ne na gida: faranti ɗaya babba na shinkafa da nama, gurasa mai zafi daga tanderun da ke maƙwabtaka, wani lokaci miyar kuka idan wani ya dawo daga hutu da kuka da daddawa. Babu mai sa hannu sai babba ya yi bisimilla, kuma babba ne yake raba nama.

Mutum biyu ne na fi shaƙuwa da su. Na farko direba ne Bakano, gajere, mai bakin da ba ya hutawa. Na biyu mai gadi ne Bazazzagi, dogo, mai kimanin shekarun ɗana, wanda ba ya magana sai an tambaye shi. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, don haka direban ya mayar da mai gadin abin tsokanarsa, shi kuwa sai dai ya yi murmushi, can ba a rasa ba ya mayar da guda ɗaya mai zafi. Mai gadin yana da wata ɗabi'a da kowa ya saba gani. Kafin ya ci komai yakan gutsiri gurasa ya zura a aljihun rigarsa, ba tare da ya dubi abin da hannunsa yake yi ba.

Direban ne ya fara tambayata game da littafin da nake yawo da shi. Muna shan shayin karak mai madara bayan abinci ya ce, "Baba, wannan littafi mai zanen atamfa, na addu'o'i ne ko na girki?"

Na ce na ɗaurarru ne. Na ɗan ba su kaɗan daga ciki, a zatona za su gaji. Sai ga shi Juma'ar da ta biyo baya su da kansu suka ce in ci gaba. Haka ya zama al'ada: a ci abinci, a kawo shayi, in ɗauko labarin Saibiriya in juya shi zuwa Hausa gwargwadon iyawata. Sukan katse ni da sharhi. Da na faɗi yadda ake tashin ɗaurarru tun duhu a kai su aiki, direban ya ce, "Ai mu ma 'yan Saibiriya ne, Baba, sai dai tamu ta wuta ce. Kuma su ba su da kafil, ubangidan da zamanmu a nan yake hannunsa."

Na ce, "Kai da ƙafarka ka zo, har da ɗaukar hoto a filin jirgi."

"Wallahi har da tabarau," in ji wani daga baya, aka kwashe da dariya.

Na yi shekaru da yawa a gaban allo, kuma duk wanda ya koyar ya san cewa a kowane aji akwai fuska ɗaya da malami yake yi wa magana. Ita ce fuskar wanda yake saurare da gaske. Ido yakan koma kanta da kansa, kamar yadda ruwa yake bin gangare. A rumfar nan fuskar mai gadin ce. Ba ya katse ni, ba ya taɓa wayarsa, shayinsa ma yakan huce a hannunsa. Saboda haka kusan duk abin da na faɗa, shi nake kallo.

Wata Juma'a na kawo musu yadda yunwa take koya wa ɗaurarre ɓoye gutsuren burodi a cikin tufafinsa, har bayan an sake shi ya koma gidan da abinci ya wadata, hannunsa bai daina ba. Ban rufe baki ba direban ya buga cinya, ya nuna mai gadin da yatsa.

"Allahu Akbar! Baba, ga shi nan a gabanka! Ashe Bazazzagin nan tsohon fursuna ne muke ta ci da shi ba mu sani ba. Fito da gurasar mutane, Fursuna!"

Rumfa ta ɗauki dariya. Mai gadin ma ya yi, ko da yake na tuna daga baya cewa tasa ba ta kai ido ba. Sunan ya zauna. Mako mai zuwa tun daga ƙofa ake kiransa da shi. Ni kuma na ci gaba da labaraina, kuma abin da ya zo a kan layi shi ne labarin mutumin da ya kashe rai, ya yi shekaru yana musu da zuciyarsa, sai a kurkuku ya durƙusa ya nemi gafarar Ubangijinsa. Na ba da shi da dukkan ƙwarewata, ina kallon wanda na saba kallo. Ranar bai ƙarasa shayinsa ba, ya ce yana da aiki, ya yi sallama.

Bai sake zuwa ba. Da na tambaya, direban ya ce shi da kansa ya roƙi a riƙa sa shi aikin Juma'a, har ma an ji yana neman a mayar da shi wani wuri can bayan gari. "Ƙyale shi, Baba, Zagezagi ba su da juriyar wasa." Amma ni na san mutumin da ya jure wa bakin direban nan tsawon lokaci ba zai gudu don suna ɗaya ba, sai in da wani abu a ƙasa.

Na sa rigata mai aska, na ɗauki sandata, na hau tasi da hantsi zuwa West Bay, unguwar manyan ofisoshi inda aka ce mini yake gadi. Ban taɓa shiga cikin dogayen benayen nan ba, daga nesa kawai nake hango su. Na same shi a tsaye a harabar wani, cikin kayan aiki, ƙasa tana sheƙi kamar an zuba ruwa. Da ya gan ni sai ya cire hula ya durƙusa a kan marmarar nan, masu kwat suna wucewa suna kallonmu. Na ce ya tashi. Na zauna a wata kujera na jira har lokacin hutunsa ya yi, sannan ya kai ni wata inuwa a bayan ginin, ya jawo mini kujerar roba, shi ya tsuguna.

Bayan mun gaisa na ce, "Ɗana, farantinmu ya yi giɓi."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Baba, wa ya gaya maka?"

"Wa ya gaya mini me?"

"Baba, kai babba ne, ba zan yi jayayya da kai ba. Amma idan za ka tona, ka tona gaba ɗaya. Kullum ka ɗauko labari sai ka dube ni. Ka faɗi na gurasa ka dube ni. Ka faɗi na wanda ya kashe rai ka dube ni. Ni ma ɗan Hausa ne, na san habaici in na ji shi."

Sai a sannan na gane. A wurinmu idan dattijo ya ba da labarin wani mai laifi a cikin taro, idonsa a kan mutum ɗaya, ba a buƙatar tafinta. Na rantse masa da Allah cewa ban san komai ba, kuma ban zo tambaya ba. Na bayyana masa ɗabi'ar malamai ta neman fuskar mai saurare. Ya dube ni da kyau, ya ga gaskiya nake faɗi, sai ya yi wata gajeriyar dariya.

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as," in ji shi. "Ni kuwa gurasa ce a nawa."

Na ce ya bar maganar a nan in ya so. Ya ce a'a, tunda ya riga ya buɗe, gara ya ƙarasa. Yana saurayi rikici ya haɗa shi da maƙwabcin gonarsu a fadama a kan ruwan ban-ruwa. Ya ɗaga ƙotar fartanya ya buga sau ɗaya. Mutumin ya yi 'yan kwanaki ya rasu. Ya yi shekaru a gidan yari yana jiran shari'a, har dangin mamacin suka yafe, aka sallame shi. "Ba sharri aka yi mini ba, Baba. Ni na buga." A can ya haɗu da wani tsoho wanda ya riƙa yi masa ƙarin karatu har ya sauke Alƙur'ani. Tsohon ba shi da ƙarfin turereniya idan an kawo gabza, wato tuwon gidan yari, don haka shi yakan ɓoye masa loma a aljihu. Tsohon ya rasu a ciki, hannun kuwa bai daina ba. "Wani lokaci sai na zo wanki nake tarar da ita ta bushe."

Na tambaye shi abin da yake tsoro. Ya ce aikinsa riƙon makullai ne, kuma magana in ta fita daga rumfa sai ta kai kunnen shugabansa. Ya ce da waya magana ba ta wuyar isa gida, iyalinsa kuwa sun koma wani gari inda ba wanda ya sani, 'ya'yansa mata suna tasowa. Sannan ya ƙara da abin da na ga shi ne ainihin ciwon. "Bayan an sake ni na je ɗaurin auren wani ɗan'uwanmu. Aka kawo abinci, na sa hannu a kwano, sai mutane suka janye nasu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce komai. Baba, gara in bar faranti da kaina da in sake ganin wannan."

Na ce masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, maganarsa ta mutu a wurina. Na roƙe shi ya zo Juma'a. Ya ce zai duba, irin dubawar da na san ma'anarta.

Kwanakin da suka rage na yi su ina juya al'amarin. Hanya mafi sauƙi ita ce in hana kiran sunan, tunda ni ne babba. Amma dattijon da ya tashi ya hana Bakano tsokanar Bazazzagi ya yi abin da ba a saba gani ba, kowa zai tambayi dalili, tambayar kuwa ita ce tonon. Haka nan idan na daina labaran kwatsam, ko na shiga nuna masa tausayi na musamman. Littattafan nan sun koya mini tun da daɗewa cewa ɗaurarre yakan jure zagi, amma tausayin manya a gaban jama'a yana ƙona shi. Ina zaune da ɗaya daga cikinsu a kan cinyata, ina shafa atamfar bangon, sai faifan mahaifiyata ya faɗo mini a rai.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarma, aka kawo faranti, aka jera gurasa. Kowa ya wanke hannu ya zuba mini ido. Ban yi bisimilla ba. Na shiga tambayar wannan labarin gida, ina tambayar wancan lafiyar ƙafarsa.

Direban ya ce, "Baba, yalla mana, a fara, shinkafa tana hucewa."

Na ce, "Da sauran mutum."

"In Fursuna kake jira, ai ya tsere. Sai dai mu kai rahoto."

Na ci gaba da jira. Tururin shinkafa ya ragu, kitsen naman ya fara kamawa, samari suna ta gyara zama. Ni kaina na fara tunanin yadda zan sauko daga wannan matsayi da mutuncina, sai ga sallama daga ƙofa. Yana tsaye da farar riga, bai cire takalmi ba.

Direban ya ɗaga hannu biyu sama. "Jama'a, an sako shi! Fursuna, beli aka ba ka ko katanga ka haura?"

Na ga ƙafarsa ɗaya ta koma baya. Sai na miƙa hannu na ɗauki gurasa, na gutsire ta a hankali yadda kowa zai gani, na buɗe aljihun babbar rigata, wanda aikin askarsa ya ci wa maɗinki watanni, na zura ta ciki. Na ba su labarin mahaifiyata da faifanta da 'yan sarƙa da gandiroban da yake juya baya, da amsar da ta ba mahaifina. Na ce a gidanmu ba a cin abinci sai an ware rabon wanda ba ya nan, kuma na daɗe ina jin kunyar yadda wannan yaro yake riƙe da tarbiyyar da ni na saki. Na ce daga yau na koma gare ta, wanda kuma zai kira wani fursuna saboda gurasa, to ya fara da ni.

Direban ya dube ni, ya dubi aljihuna da ya ɗan tasa, na ga shaiɗancin yana taruwa a idonsa. "Subhanallahi, Baba, wa zai kira ka fursuna? Kai ai sai dai Yari. Ran Yari ya daɗe!"

Aka fashe da dariya har da masu tafi. Duk tsawon aikina babu ɗalibi ko malamin da ya taɓa laƙaba mini suna a gabana, kuma da a wata rana ce da direban nan ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na gyara zaman hulata na ce, "Yari ya amsa. Kowane ɗan sarƙa ya ware nasa."

Direban ya naɗe gurasa guda cur ya cusa a aljihu, aka ce Bakano ko sadaka zai yi sai ya ci riba. Sauran ma kowa ya gutsira. Wani ya ce tunda abin ya zama haka, a tara a kai wa 'yan'uwa da suke bakin aiki ba su sami zuwa ba, a haɗa musu da nama. Cikin wannan hayaniya mai gadin ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya zauna a gurbinsa. Na yi bisimilla. Da na zo rabon nama na ba shi nasa a daidai inda layi ya kai kansa, kamar kowace Juma'a. Ya sa hannu a faranti, hannun direban yana gefen nasa suna rigimar ƙashi, babu wanda ya janye.

Sunan Fursuna bai kai wata ba ya ɓace, domin ba shi da armashi a wurin da kowa yake da gurasa a aljihu, ga kuma Yari a zaune. Nawa ne ya zauna. Har ɗana ya ji shi a asibiti daga bakin wani direba, ya dawo gida yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Mai gadin ya ci gaba da zuwa har kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida. Da na yi niyyar rubuta wannan na kira shi na nemi izini, ya ce in rubuta, in dai ba suna. Ya ce in gaishe da Bakanon, in gaya masa har yanzu yana bin sa ƙashi.

Ina nan ina zuwa Al Asmakh duk Juma'a, da littafi mai rigar atamfa a hannuna. Mun daɗe da gama na ɗaurarru, amma sukan ce in sake ɗauko su, ni kuma ba na ƙi, sai dai yanzu idan ina ba da labari butar shayi nake kallo. Surukata ta daina tambayata dalilin ɓurɓushin gurasa a aljihun riga mai aska. Kafin ta ba da wanki takan juye aljihun a kan faranti, ta kai wa tattabarun da suke sauka a kan katanga.